Kalan gyaɗa a gonar Sambo

Da kakar bana ƙanena Alhaji Sambo ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa namu zuwan ya yi kyau. Ni ce yayarsa Kulu. Ni na goye shi, ni kuma na zauna ina kallo aka fita da shi, abin da ban taɓa kawowa a raina ba, don a tunanina shi ne zai tsaya a kan jana'izata. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake ana rubutawa, na kuma ce sai an karanta mini daga farko har ƙarshe kafin a kai gidan jarida, kada a sa mini zaƙin bakin da ba nawa ba.

Duk shekara idan lokacin ya zagayo, 'ya'yansa kan tara malamai a yi saukar Alƙur'ani, a yanka sa, a raba. Suna kyautawa. Sai dai masu zuwa wurin, da yawa ba su san shi ba, waɗanda suka san shi kuma abin da suke faɗa shi ne abin da ake faɗa a kan kowane mai dukiyar da ya mutu: mutumin kirki, mai kyauta, mai zumunci. Ni abu guda nake so in faɗa a kansa. Ƙaramin abu ne, kuma saura kaɗan shi ma ya bi shi ƙasa a hannun 'ya'yansa, ba da mugun nufi ba.

Ga wanda bai san shi ba, Sambo da jaki ɗaya ya fara, yana sarin gero a ƙauyukan Tsafe yana kawowa Gusau. Ranar da ya bar duniya yana da injin matsar man gyaɗa a Tsafe, da gidan burodi a Gusau, da motocin dako, da turken shanu, da gonaki a ƙasar Bungudu, ɗaya wajen Furfuri, ɗaya bayan Rawayya. Duka a ƙarƙashin kamfani ɗaya. Yanzu babban ɗansa Nasiru ne shugaba. Ƙanwarsa Hadiza, wadda ta yi karatun lauya, ita ke riƙe da abin da ya shafi ƙa'ida da ma'aikata. A gabana aka haife su, kuma har gobe idan na kira suna zuwa.

Bara waccan suka fito da wani kundi mai kauri, suka ce shi ne ƙa'idar ɗa'a da kula da muhalli ta kamfanin, kuma kowane reshe da ita zai yi aiki, daga mai gasa burodi har direban tirela. Aka tara mu a falon marigayi, dangi da manajoji. Hadiza ta karanta da Turanci, ta juya mana da Hausa. Na ajiye carbina na saurara, don ni ba a karanta abu a gabana in yi gyangyaɗi. Ba ma'aikacin da zai karɓi kyauta daga hannun manomi ko ɗan kwangila, ko da ƙwan zabo ne. Ba za a sa yaro ɗaukar buhu ba. Ma'aunin da aka saya da shi, da shi za a sayar. Ruwan dattin inji ba zai fita haraba ba sai an tace shi. Gidan burodi zai bar ƙona itace. Sai biyun ƙarshe, waɗanda a ranar ban ga aibinsu ba: kada a bar komai ya tafi a banza, kuma duk abin da zai fita daga hannun kamfani, ko ƙwaya ce, a rubuta wanda ya bayar da wanda ya karɓa.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba ta amfanarsa da komai. Akwai inda kundin nan ya fi Sambo. Baƙin ruwan injin Tsafe shekara da shekaru yana bin kwata ta bayan gidajen mutane, wari ya hana su zaman tsakar gida da yamma. Na yi masa magana har bakina ya gaji. Sai ya ce, "Yaya Kulu, ke da anka ba ki alƙalanci, da gidan yari ya cika." Ya yi dariya, ya aiko mini da turmin atamfa, ruwa kuma ya ci gaba da gangarawa. Itacen gidan burodi kuwa, Allah kaɗai ya san marke da ƙirya nawa suka ƙare a tandun nan. Yau 'yarsa ta sa an haƙa ramin tace ruwa, ɗansa ya mayar da tandu kan ɓawon gyaɗa da ake curawa ya zama kamar gawayi. Ban yarda da labari ba, sai da na shiga mota na je Tsafe na zagaya bayan injin da ƙafata. Ba wari. Da Sambo na raye zai yi mita, ya ce yaran nan za su ƙarar da shi, sannan ya bi ta baya yana nuna wa abokansa ramin yana washe baki. Na san halin abina.

Amma akwai kala. Yaran birni da yawa ba su san shi ba, bari in faɗa musu. Idan aka cire gyaɗa a gona, komai iyawar mai cira sai wasu sun tsinke sun saura cikin ƙasa. Bayan mai gona ya kwashe nasa, mata kan shigo da ƙaramar fartanya da ƙwarya, su tona su tsince. Haka wake, haka zangarniyar dawar da ta faɗi. Ba roƙo ba ne, ba kuma sata ba. Tun da muka buɗe ido haka tsarin yake: mai gona, sai masu kala, sai shanu su ci abin da ya rage su bar taki, sannan garma.

Da kala aka raine mu. Mahaifinmu ya rasu a Rawayya Sambo yana shan nono. Innarmu na gaba da fartanya, ni ina biye da ƙwarya, shi yana bayana. Ba yunwar na fi tunawa ba. Abin da na fi tunawa wani mai gona ne, mutumin kirki ma a bakin jama'a, wanda bai taɓa korar kowa ba. Sai dai yakan zo ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya ya zauna, yana gaida kowace mace da sunanta, yana tambayar ta yara. "A'a, su Ige, an hito? Ku tona da kyau, akwai ta nan." Innarmu takan durƙusa ta amsa da ladabi. Amma idan muka koma gida ranar, ba ta iya cin abinci. Daga baya ta gwammace mu taka zuwa wata gona mai nisa, wadda gyaɗarta ba ta kai wannan ba, don kawai mai ita ba ya zuwa.

Sambo bai ga wannan da wayonsa ba. Ni na ba shi labari lokacin da ya sayi gonar Furfuri, muna tsaye a bakinta yana nuna mini iyaka. Sai ya sauya magana ya koma kan taki. Amma daga kakar nan har ya mutu, ranar da aka ɗora buhun ƙarshe a mota, sai ya kwashe kowa daga gona. Leburori, manaja, har maigadi. Ya ce su je su huta, albashinsu na tafiya. Shi kansa ya bar bin hanyar, ko Bungudu zai je sai ya zagaya. Ba shela, ba aike. Matan sun gane da kansu: idan bukkar maigadi ta mutu ba hayaƙi, gona ta zama tasu, har sai sun gaji sun bar zuwa, sannan a saki shanu.

Yana da wani manaja, Mista Bitrus, Kirista ne, mutum mai amana, sun daɗe tare. Ya taɓa ce masa a bar ko mutum ɗaya mana saboda ɓarayi. Sambo ya ce, "Bitrus, mi za su sata? Ƙasa? Bar su su tahi da ita in sun iya ɗauka." Shi ke nan maganar. Bai taɓa ba kowa dalili ba, ko matansa. Zakkarsa yana fitarwa a fili, kowa ya sani. Wannan kuwa bai taɓa kiransa da wani suna ba, kuma ba ya son a tayar da zancen.

Bayan rasuwarsa abin ya ci gaba wasu shekaru, sai ya lalace ta inda ba a zata ba. Hanyoyi suka ɓaci, kowa ya san halin da ƙasarmu ta shiga, ba sai na faɗa ba. Aka ce ba zai yiwu a bar gona ba kowa ba. Sai aka bar shugaban leburori ya riƙa zama. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Mutumin nan ya mayar da kansa mai ƙofa. Wadda ta zo da kaza ita ke shiga inda gyaɗa ta fi zuba. Wadda ba ta da komai sai ta yaga masa daga abin da ta tona. Akwai ma maganar da ta fi wannan muni game da zawarawa, wadda ba zan sa a jarida ba. Hadiza ce ta gano. Ba ta yi wata-wata ba ta sallame shi, duk da manyan da aka turo roƙo. Ni ma an zo wurina a ce in sa baki, na ce su tashi mini daga tabarma. Ranar na ce yarinyar nan jinina ce.

To daga nan ne ta rufe kala. A ganinta abin da ba a rubuta ba shi ke ba azzalumi wurin ɓuya. Ta ce maimakon mata su wuni a duƙe cikin rana don abin da bai cika ƙwarya ba, kamfani zai raba buhunan hatsi a fili kowa ya gani. Gona kuma da an cire gyaɗa a ɗaure harawa a kai turke, tarakta ta shiga a yi shirin noman rani. Ba asara, ba zalunci. Da aka faɗa mini ban ƙi ba. Hatsin da ta ware ya fi abin da kala ke bayarwa nesa ba kusa ba, kuma na san da zuciya ɗaya ta yi.

Na je rabon farko a harabar ofishinsu na Gusau. An kafa rumfa, an jera kujeru. Kowace mace a kira sunanta da lasifika, ta fito, ta dangwala yatsa, ta tsaya gefen buhu a ɗauke ta hoto, ga wani ƙyalle mai sunan kamfani a bayanta. Masu karɓa sun yi godiya, sun yi addu'a, kuma mabuƙata ne, ban ce ba. Amma ni ba buhu na je kallo ba, fuskoki na je kallo. Na san masu kalan Furfuri da Rawayya, wasu tun daga uwayensu. Waɗanda na gani cikinsu a layin nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na dawo gida raina bai kwanta ba.

Akwai wadda zan kira Tumba, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Matar manomi ce mai rumbuna, a wani ƙauye can ciki. Gidanta ake zuwa cin tuwo, baƙo ba ya wuce ƙofarta da yunwa. Aka kashe mijinta a gona, ƙauyen ya watse, ta dawo unguwarmu ta Damba a Gusau da jikokinta cikin wani kango da aka ba ta aro, katanga ɗaya da gidana. Tun da ta zo, kalan gonar Furfuri ke riƙe da ita. Takan bi motar kasuwa ta sauka a hanya, ta ce wa maƙwabta gaida dangi za ta. Ni na sani don ina ganin ƙasa a farcenta, amma ban taɓa nuna na sani ba. Da aka rufe kala na sa aka rubuta sunanta cikin masu karɓar buhu. Ba ta je ba. Na shiga wurinta da faɗana, don ni ban iya lallashi ba.

Na ce, "Ke Tumba, ga yunwa ga girman kai? Buhu guda na can da sunanki."

Ta ce, "Hajiya, na ji an ce da lasifika anka kira mutane."

Na ce, "To sai me? Sunan sata ne?"

Ta ce, "Ƙannen mijina na garin ga. Ɗiyana mata na gidajen aure. In hotona ya hito ina riƙe da buhu, da wane ido za su dubi surukansu? Can gona, daga ni sai ƙasa sai Allah. Abin da nit tona, hannuna ya ba ni."

Na leƙa murhunta. Rama ce a tukunya, ba gari, ba mai. Na koma na aika mata da gero a kwano. Ta karɓa, amma da kwanon zai dawo sai ga shi da daddawa a ciki, wadda na san ita ce ta miyarta. Na sake aikawa, ta sake mayarwa da garin kuka a ciki. Na gane idan na ci gaba, ƙara talauta ta zan yi, don ba za ta taɓa mayar da kwano haka nan ba. Shekarar nan na ga ƙaramin jikanta ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ina ji, ina gani, katanga ɗaya, ga buhu da sunanta a sito, ga gyaɗa tarakta na binnewa a Furfuri.

Da daminar bana ta ja baya, gyaɗa ta kusa cira, na sa aka kira mini Nasiru da Hadiza. Ban je ofis ba, su suka zo suka zauna a tabarmata. Na ba su labarin kakarsu da mai buzu a gindin tsamiya, wanda ba su taɓa ji ba. Na ba su labarin Tumba ban faɗi ko wace ce ba.

Nasiru ya ce, "Gwaggo, mun ji. Amma zamanin Baba daban ne. Shi kaɗai ke da kamfani, abin da ya ga dama shi yake yi. Mu yanzu akwai banki, akwai masu sayen manmu daga nesa, duk shekara sai sun turo a duba mu. In muka ce muna taimakon mata, sai su ce ina shaida. Kuma in muka janye maigadi wani abu ya sami matan nan a gonarmu, wa za a kama?"

Maganarsa gaskiya ce. Sambo bai yi noma a irin wannan zamani ba. Ban san abin da zai yi ba da ya ga lokacin da mace ke fita gona ba ta da tabbacin dawowa. Na ce masa hakan.

Hadiza ta ce, "Gwaggo, wancan da na kora, rashin ido ne ya ba shi dama. In aka buɗe, wani zai sake."

Na ce, "Shi ai ido ne. Ubanku cire ido ya yi. Ku kuka ajiye mutum ya zama abin da ya zama, kin cire shi kin sa lasifika."

Ta ɓata rai. Ta tashi ba ta sha furar da na dama mata ba, ko sallama da ƙyar ta yi. Nasiru ya bi ta yana cewa in yi haƙuri. Ban ji haushi ba. Ni ma da an gaya mini haka a gaban yayana, abin da zan yi ke nan. Daga baya na yi tunanin ko na yi tsanani, don yarinyar ta kori azzalumi ita kaɗai lokacin da maza suka yi shiru, ga shi ni ma na haɗa ta da shi a magana ɗaya. Amma ban aika ba da haƙuri ba. Gyaɗa na nuna a ƙasa, ba lokacin lallashi ba ne.

Ta ɗauke ƙafa daga gidana har aka fara cira. Na ji dai an ce ta je Furfuri ta zauna da mai gari, ta kuma shiga cikin gida wurin tsofaffin mata ita kaɗai, ba direba, ba mai hoto. Abin da suka gaya mata ban sani ba. Ran nan da hantsi sai ga ta da kundin a hannu. Ta gaishe ni a daƙile, ta zauna, ta ce an ƙara sakin layi, za ta karanta mini.

Abin da ya ce shi ne: bayan an kwashe amfanin gona, abin da ya saura a ƙasa ba dukiyar kamfani ba ne. Tunda ba na kamfani ba ne, ba abin da za a rubuta. Ba ma'aikacin da zai tsaya cikin gonar, ko ya tambayi mai shiga sunanta, ko ya karɓi wani abu a hannunta, wanda ya yi kuma a bakin aikinsa. Masu gadi za su koma can bakin titi, inda suke ganin mai zuwa daga daji amma ba sa ganin cikin gona. Macen da aka takura wa ta gaya wa ungozomar gari, ita za ta kawo magana ba suna. Tarakta ba za ta shiga ba sai masu kala sun bar zuwa.

Na ce, "Noman ranin fa?"

Ta ce, "Na Furfuri ya tafi. Yaya Nasiru bai yi mini magana ba kwana biyu." Ta rufe kundin, ta dube ni. "Yanzu in masu dubawa suka ce mata nawa suka amfana, me zan ce?"

Na ce, "Ki ce ba ki sani ba."

Ta ce, "Gwaggo, ba a rubuta haka a rahoto."

Na ce, "To ki zama ta farko."

Ta yi dariya ba ta so ba. Ta ce ina furarta ta ran nan. Na ce ta yi tsami, sai dai a dama sabuwa.

Kada mai karatu ya ɗauka na ci duka. Gonar bayan Rawayya Nasiru ya ƙi, ya ce hanyarta ba ta da kyau, ba zai ɗauki alhakin ran kowa ba, kuma ban iya cewa ya yi kuskure ba. Rabon buhu yana nan, yana kuma amfanar waɗanda ba su da ƙarfin duƙawa. An cire lasifika, amma hoto yana nan, sun ce masu dubawa ba sa yarda sai da shi. Na yi magana ba a ji ba. Zan sake yi baɗi idan ina raye.

Ina yawan tunanin me Sambo zai ce da ya ga wannan. Na tabbata ba zai so ba da farko. Abin da ya ɓoye shekara da shekaru, ga shi an sa a kundi, ga shi kuma yayarsa ta kai jarida. Zai ce na tona shi. Amma ni na ga abin da bai gani ba. Na ga yadda hali mai kyau ke lalacewa idan mai shi ya tafi bai bar wa kowa dalili ba. Da ya gaya wa 'ya'yansa abin da ya sa yake janye maigadi, da ba a ajiye wancan mutumin ba tun farko. Shirunsa ya rufa wa masu kala asiri yana raye, ya kuma bar su a fili bayan ya mutu. Ni da nake raina takarda, yau na yarda ita ce za ta tsaya wa Tumba ranar da ba ni, ba Hadiza.

Na kuma faɗa ne don masu kamfanonin da ke karanta jarida, don na ji an ce yanzu kowa na rubuta irin wannan kundi. Ku rubuta, yana da kyau, na ga amfaninsa a Tsafe. Amma kafin ku kira abu shara ko asara, ku tambaya a hankali ko akwai mai ci daga ciki. Ba za ta zo ofis ta faɗa muku ba. Wadda ta fi buƙata sau da yawa ita ce ba za ku taɓa jin sunanta ba.

Motocin da Sambo ya bari duk an sauya su. Injin Tsafe ba nasa ba ne yanzu, sabo ne. Ma'aikatan da ke gaishe ni a ofis, da yawa hotonsa kawai suka sani a bango. Idan na auna abin da ya rage nasa na kansa, wanda ba saye aka yi ba, ba gini ba, ban ga wanda ya kai wannan ba: gona guda a Furfuri da ake bari ba kowa bayan kaka, da 'ya mai taurin kai da ta iya komawa ta gyara abin da ta rubuta da hannunta.

Bana ban je Furfuri ba, ban kuma aiki kowa ba. Ban gaya wa Tumba an buɗe ba, irin wannan labari ba ya jiran ɗan aike. Makon jiya sai na ji ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli ta kan katanga. Da la'asar na fito na same ta a ƙofar kango da faranti a gabanta, jikokin na zagaye da ita bakinsu duk maiƙo. Na tsaya na ce a ba ni na miya. Ta cika mini leda har tana zuba. Na kwance bakin zane zan biya, ta harare ni, ta ce, "Hajiya, mai da abinki. Gidana ba a sai da ma maƙwabci."

Na gutsura na tauna. Na ce, "Gyaɗar ta yi mai."

Ta ce, "Ta bana ce."

Ban tambaye ta gonar wa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Allah ya jiƙan Sambo.